Guntun Noti a Injin Sale

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a bakin garajina, hannu a aljihu, yana kallona ina kwance kan inji. Da na gama sai ya ce wai shi ma zai buɗe garaji bayan salla, ai ya ga yadda ake yi a waya, kwancewa ne kawai da ɗaurewa. Ban yi masa musu ba. Na ce Allah ya ba da sa'a, in ya buɗe ya aiko in zo in sa albarka. Amma na san ranar da zai neme ni. Ranar da noti zai karye masa a cikin inji ce, kan ya biyo hannunsa, gindin ya zauna a rami, mai moto, wato babur, kuma yana tsaye a kansa.

Ku samarin yanzu, duk wanda ya riƙe kile, wato sifana, ya iya kwance lafiyayyen noti. Sana'ar tana farawa ne daga inda notin ya ƙi. Shi noti ƙarfe ne mai tauri, gidan injin da yake ciki kuwa alminiyon ne, irin wanda ake zuba tukwane da shi. In ka ɗora tsinken huda a kan guntun da ya karye, tsinken ba ya son wahala, zamewa yake daga mai tauri ya faɗa mai taushi. In ya faɗa ya cinye zaren ramin da notin ke bi, to ka gama da injin mutum. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana cewa gyaran moto aikin wanda ya kasa lekol ne, wato boko.

Ni a hannun Maigida Isufu na koya, Allah ya jiƙansa da rahama. Rumfarsa tana nan Matamaye, bakin titin da ya nufi Damagaram. Na daɗe ina wanke kayan inji a kwanon esansi, wato fetur, kafin ya bar ni in taɓa kile, da ya bari kuma abin da ya fara sa ni shi ne karya noti. Ya jawo wani mataccen inji daga bayan rumfa, ya zube mini tsofaffin notuna a gaba, ya ce in ɗaura in yi ta ja har su karye. Na ɗauka wasa yake. Ashe so yake hannuna ya san wani ɗan laushi da ƙarfe ke yi dab da zai rabu, don in na ji shi a moton mutane in tsaya. Har yau in na ji laushin nan sai gabana ya faɗi.

Akwai doka a rumfar, kuma ba shi ya ƙirƙiro ta ba, haka ya tarar a wurin nasa maigidan a Kano. Aikin da maigida ya sa wa hannu, yaro ba ya taɓawa sai an miƙa masa. Kuma yaro ba ya gyara wa maigida a gaban mai kaya, ko da ya ga ana kuskure da idonsa. Wani abokin koyona, Laminu, mai kai ne ƙwarai, ya taɓa cewa "ba haka ba ne, Maigida" a gaban wani Alhaji. Ranar ya bar rumfar. Mahaifinsa ya zo da dattawa ba da haƙuri, Maigida ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su ruwa, ya raka su har titi, amma Laminu bai ƙara riƙe kile a wurin ba. Kuna iya cewa abin ya yi tsauri. Sai dai mai kaya bai san inji ba, fuskar maigida yake kallo. In yaron gida ya nuna maigida bai gani ba, gobe ba mai kawo moto.

Abokan koyona duk an yaye su, wasu sun buɗe a Tsauni, wasu sun tafi Damagaram. Ni na zauna, ya ba ni gefen rumfa. Na yi furfura a gemu, na aurar da ɗiyata ta fari, amma a gabansa ni dai Habu ne, yaron garaji. A ƴan shekarun ƙarshe na lura idonsa ya fara rauni. Sai in ga yana laluben kile alhali ga shi nan gabansa. Na dai riƙa jera masa kaya inda hannunsa zai faɗa. Manyan ayyuka ya riƙa turo mini, wai ƙiwa yake ji. Cire karyayyen noti ne kaɗai bai saki ba, don da shi aka san shi daga Kurni har Tsauni, kuma shi kaɗai ya rage masa.

Sai ga shekarar da aka rufe iyaka. Mu da kayan gyaranmu kusan duka daga Kano da Daura suke shigowa, rana ɗaya muka wayi gari ba fistin, ba buji, ba komai. Wutar lantarki ma ta ɗauke, masu walda suka koma zaman benci. Abin da a da za mu jefar mu sa sabo, yanzu sai mu wanke mu lallaɓa mu mayar. Na ga an yanka takarda mai kauri an yi gasket da ita, na ga an ɗinke taya da zaren buhu. A shekarar, moton da gidan injinsa ya fashe ya mutu ke nan, sai dai a jingine shi a zaure kaji su hau.

Ranar kasuwa ce, lokacin rake, aka sauke mana moton Sale daga kan amalanke. Sale mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Yauri ta nan kusa da mu, rake yake ɗaukowa daga fadama ya fito da shi bakin titi. Da moton nan yake ciyar da gidansa da na yayansa, wanda ya tafi cin rani kudu rufin iyaka ya rutsa da shi can. Ya gaishe da Maigida a durƙushe, sannan ya zaro wani dogon ƙarfe daga aljihu ya miƙa.

Maigida ya shafa bakin karayar da babban yatsa. "Wa ya ɗaura maka wannan?"

"Baba, ni ne. Mai yake zubarwa ta kai, sai aka ce in ƙara ɗaurewa."

"Da me ka ja?"

Sale ya sunkuyar da kai. "Na zura wa kilen bututun famfo."

"Ka hau kai da ƙafa?"

"Kaɗan dai, Baba."

Masu kabu-kabu da ke zaune a benci suka kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba, don na gane notin. Dogayen notuna huɗu ne suke tasowa daga gidan inji su danne kan injin, in ɗaya ya tafi injin ba zai riƙe iska ba. Mutanen ƙauye kuwa ba su yarda noti ya ɗauru ba sai sun ji ya yi kuka. Na sauke injin, na cire kai da silinda, na cusa tsumma a baki don kada ƙarfe ya faɗa ciki. Guntun ya karye ƙasa da baki, ba abin da filaya za ta kama, ko akwai wuta walda ba za ta kai gare shi ba. Abin da ya fi muni, a cikin huɗun shi ne wanda hanyar mai ta bi ta gefensa. Tsakaninsa da ita ɗan bango ne siriri. In tsinke ya fasa bangon nan, mai ba zai ƙara hawa sama ba.

Na gaya wa Maigida wane noti ne. Sale bai gane ba, amma ya ga fuskata.

"Baba, zai fita?"

"In Allah ya so," in ji Maigida. Ya naɗe hannun riga. "Habu, kawo ƙusar alama da ƙaramar guduma."

Na so a ce ranar ya ji ƙiwa. Amma ranar kasuwa ce, benci ya cika, har da tsofaffin abokansa biyu da suka zo shan shayi, kuma an riga an fara cewa ku matso ku ga aikin tsoho. Na ɗora gidan injin a kan kututture, na durƙusa na riƙe shi da hannu biyu. Kafin a huda dole a buga ɗan rami a tsakiyar guntun da ƙusa mai kaifi, nan tsinke zai zauna. Duk aikin a kan bugun nan yake. Ya sa ƙusar a rami, ya juya ta, ya karkata kai yana neman haske. Na ga bakin ƙusar yana yawo. Ya tsaya, ya ce bisimilla, ya buga.

Da ya ɗaga sai na leƙa. Alamar ta goce, kamar faɗin ƙwayar gero, kuma gefen hanyar mai ta yi.

"Kawo injin huda," in ji shi.

Injin hudarmu na hannu ne, mai mariƙi da ake juyawa, tun kafin a haife ni yake da shi. Na tashi in ɗauko. Na daɗe ina zaɓen tsinke alhali na san wanda ake so. Ina jin wani a benci yana cewa yanzu za ku ga ya fito da shi kamar cire ƙaya. In na yi shiru, tsinken zai bi alamar, ya sauka a karkace, ya fasa bango, Sale ya koma da moto a amalanke, kuma duk kasuwa ta ji cewa a hannun Isufu injin ya mutu. In na ce Maigida ka goce, na gaya wa benci guda cewa tsoho ba ya gani. Ko ta ina aka bi, a ranar sunansa zai ƙare. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji a bakin aiki ba.

"Habu, saƙa tsinken kake yi?"

Na kawo. Ya karɓa, ya lalubi alamar da bakin tsinke har ya zauna a ciki, ya ɗora ƙirji a kan injin hudar. Hannunsa ya kama mariƙi.

"Maigida," na ce.

Bai ɗago ba. "Mene ne?"

"Ka yi haƙuri. Lokacin da ka buga, hannuna ya motsa. Injin ya zame a kan kututture. Ina jin alamar ba ta zauna tsakiya ba."

Mai shayi ya daina fifita. Maigida ya ɗaga tsinken a hankali. Ya sa ɗan yatsa a ramin, ya daɗe yana shafawa. Ban iya kallon fuskarsa ba, ƙasa nake kallo. Ya san yadda nake riƙe ƙarfe, shi ya koya mini. Abin da ban sani ba shi ne ko zai karɓi abin da na miƙa masa, ko zai ce alamarsa daidai take ya ci gaba da huda.

"Ya motsa," in ji shi.

"E, Maigida."

Sai ya ɗaga murya yadda na ƙarshen benci zai ji. "Kai Habu! Gemu fari fat, ka aurar da ɗiya, amma riƙon ƙarfe ya gagare ka? Tuwon da kake ci ina yake tafiya? Da ban duba ba da ka kashe wa bawan Allah inji!"

Benci ya ɗauki dariya. Wani yaro da na girme wa ubansa ya ce, "Baba Habu, a ƙara fura." Sale ya harare ni, harara ta gaske, ya matso kusa da injinsa kamar zai ɗauke shi daga gabana. Na ji kunya har cikin ƙashina, ba zan ɓoye ba. Amma numfashina ya dawo.

"To," in ji Maigida, "tunda kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ni ba na share wa ƙato aikinsa. Karɓi." Ya miƙo mini ƙusa da guduma.

"Baba, don Allah kai ka yi," in ji Sale. "Shi da hannunsa ke rawa?"

"Zauna. Ina kansa."

Muka yi musanyar wuri. Ya durƙusa ya rungumi gidan injin, ni na tsaya a kai. Alamar da ta goce ba a share ta, kora ta ake yi. Na kwantar da ƙusar a karkace, na riƙa bugawa kaɗan-kaɗan ina tura ramin zuwa tsakiya, in buga in leƙa, in hura in sake leƙawa. Da ya zauna sai na miƙar da ƙusar na buga guda mai ƙarfi. Na ɗiga mai, na sa siririn tsinke, na fara juyawa.

Huda da hannu aiki ne na haƙuri. In ka danna da yawa tsinke ya karye a ciki, in ka sassauta ya yi ta sulɓi ba ya ci. Gumi yana shiga mini ido, ba halin sharewa. Abin da ake kallo shi ne garin da ke fitowa. Na noti baƙi-baƙi ne, na alminiyon fari ne mai ƙyalli, kuma in ka ga fari ka riga ka makara. Maigida ya kwantar da kunnensa a jikin injin. Lokaci-lokaci sai ya ɗebi garin ya murza tsakanin yatsu.

"Kana kwantawa wajena. Miƙe."

Na miƙe.

"Haka. Kar ka yi sauri, ba biki za mu ba."

Na canza tsinke zuwa wanda ya fi kauri. Yanzu abin da ya rage tsakanin tsinken da zaren ramin bai fi kaurin farce ba. Sale ya tsuguna yana ta motsa baki, ban san addu'a yake ko zagina yake ba. Na ci gaba da juyawa, kafaɗata tana zafi, ramin yana zurfi. A ƙarƙashin guntun akwai ɗan fili kafin a kai gindin rami, in tsinke ya faɗa wurin da ƙarfi zai wuce ya huda gidan injin. Daga sama ba a ganin wannan, kuma ni ban ji komai ya canza a hannuna ba.

"Tsaya!"

Na tsaya cak. Maigida ya ce in juya rabi kawai, ba dannawa. Na juya, sai tsinken ya faɗa fili da kansa. Da na ƙara juyi biyu da ƙarfin da nake yi, da ya wuce.

Saura fitarwa. Muka karɓi garwashi a wurin mai shayi muka jera kewaye da ramin, don alminiyon yana saurin buɗewa in ya ji zafi. Na ɗiga man birki, ya yi ta tafasa yana shiga zaren. Sannan na ɗauko wutsiyar wani tsohon magagari da muka wasa ta yi kusurwa huɗu, na buga ta cikin hudar har ta kama. Ita ma tana da nata haɗarin. Ƙarfen magagari ba ya lanƙwasa, karyewa yake, kuma in ya karye a ciki babu tsinken da zai ci shi a duk ƙasar nan. Na kama ta da kile na ja hagu. Ko gezau. Na ƙara ƙarfi, sai na ji laushin nan ya fara zuwa hannuna, na saki da sauri.

"Mayar dama kaɗan," in ji Maigida. "Ka tashe shi daga barci tukuna."

Na mayar dama, na dawo hagu, na sake mayarwa. Ya karɓi ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa gefen ramin a hankali. Na sake ja. Sai muka ji ƙas.

Sale ya ce innalillahi. Ni kaina ban san me ya yi ƙarar ba, wutsiyar ce ta karye ko guntun ne ya saki. Na kasa motsa hannu.

"Ja mana," in ji Maigida.

Na ja, kilen ya tafi, wutsiyar ta tafi tare da shi, guntun yana biye. Ya fito yana hayaƙi, zaren ramin kuma lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Benci ya ɓarke da kabbara da tafi. Muka ciro dogon noti daga wani mataccen inji, na haɗa komai, kafin la'asar moton ya tashi a bugu na biyu. Sale ya kama hannun Maigida da hannu biyu yana ta godiya. Ni ko kallona bai yi ba, sai da ya hau moto ya juyo ya ce, "Malam Habu, a riƙa kula." Na ce to.

Labarin ya zaga gari yadda benci ya gan shi, wai Habu ya kusa kashe inji tsoho ya ceto. Har yau akwai masu kabu-kabu da in sun kawo gyara sai sun ce in riƙe da kyau. Ban taɓa gyara musu zancen ba sai yanzu da ƙasa ta rufe masa ido.

Da kasuwa ta watse, muka rage mu biyu a rumfa. Ina tattara kaya, shi yana wanke hannu da omo da yashi, ya daɗe yana wankewa.

"Habu."

"Na'am, Maigida."

"Hannunka bai motsa ba."

Na ce, "Bai motsa ba."

"Ta wane gefe na yi?"

"Gefen mai."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauraye hannu, ya goge a jikin wando, ya cire rigar aiki ya rataye a ƙusa. Gidansa yana tsallaken titi, manyan motoci da suka ɗauko rake suna ta wucewa. Ya taka har bakin kwalta ya tsaya, ya duba hagu, ya duba dama, ya daɗe a tsaye. Sai ya miƙo hannu baya, bai juyo ba.

"Zo ka tsallakar da ni," in ji shi.